Wa ke riƙe da linzamin ƙullin karotid?

Ɗan Aji Biyu:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Don Allah ina neman a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai tun jiya. A aji an koya mana cewa ƙullin karotid, wani ɗan ƙulli da ke cikin wuya, ɗan rahoto ne. Yana ɗanɗana jinin da zai hau kai, in oksijin ya yi ƙasa ko kabon dayoksaid ya yi sama sai ya aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ƙara numfashi. Wannan na haddace shi tsaf. To ina duba tambayoyin shekarun baya sai na ci karo da wadda ke cewa a yi bayanin yadda jijiyoyi ke sarrafa aikin ƙullin. Ni a sanina jijiya saƙo take ɗauka daga wurinsa. Ta yaya kuma za a ce tana sarrafa shi? Ko dai kuskure aka yi wajen rubuta tambayar?

Admin:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara mu daidaita kalma, don wancan makon da aka yi maganar hawan jini mutane sun rikice. A Hausa duka biyun jijiya muke ce musu. In ana nufin bututun da jini ke bi, a ce jijiyar jini. In ana nufin zaren da saƙo ke bi, a ce jijiyar saƙo.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambayar daidai take. Abin da aka koya maka rabin labarin ne, kuma shi ne rabin da ya fi girma, shi ya sa littattafan aji ke tsayawa a kansa.

Ɗora yatsa a gefen maƙogwaronka, ƙasa da muƙamuƙi, inda kake jin bugu. Nan babbar jijiyar jini ta karotid ke rabuwa biyu, kuma a cikin gwafar nan ƙullin yake zaune, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Yana da 'yan'uwa a ƙirji, jikin babbar jijiyar jinin da ke fitowa daga zuciya, su saƙonsu ta jijiyar kai ta goma yake hawa. Na wuya kuwa saƙonsa yana bin wani siririn zare da ake kira jijiyar Hering, ya shiga jijiyar kai ta tara, ya sauka a medula, wato gindin ƙwaƙwalwa.

Sai dai ba zaren da ke fita kaɗai gare shi ba, akwai masu shigowa. Na farko daga gangiliyon (wato curin ƙwayoyin jijiyar saƙo) na simfatetik, jijiyoyin da ke zaburar da jiki lokacin tsoro ko aiki, yake zuwa, kuma gangiliyon ɗin a saman wuya yake, kusa da ƙullin ƙwarai. In wannan ya motsa, ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikin ƙullin sai su tsuke, jinin da ke ratsa shi ya ragu, shi kuma ya ƙara kuka ko da oksijin ɗin jinin bai canza ba. Floyd da Neil sun nuna haka a kyanwa tun 1952. Na biyu kuma a cikin jijiyar Hering ɗin kanta yake, yana tafiya ta hannun da ya saɓa wa na masu kai rahoto. Shi in ya motsa, ƙullin lafawa yake yi. Ni a aji ƙaimi da linzami nake kiransu.

Ɗan Aji Biyu:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Amma me ya sa raguwar jini za ta sa shi kuka, alhali jinin da ke zuwa mai kyau ne?

Tsohon Malami:
Saboda ƙullin nan mai cin oksijin ne sosai in aka duba ƙanƙantarsa, kuma abin da ke rufa masa asiri shi ne yawan jinin da ke ratsa shi. A 1954 Daly da abokan aikinsa sun auna a kyanwa, suka samu kimanin mililita 2000 a minti ga kowane giram 100 na tsoka. Ƙwaƙwalwa kimanin 50 take samu, ƙoda wajen 400. Jinin yana wucewa da gudun da ƙullin ba ya iya rage masa oksijin ɗin kirki, don haka abin da ƙwayoyinsa ke ji kusan shi ne ainihin abin da ke cikin jijiyar jini. Ka rage gudun, sai ya fara cinye abin da ke gabansa, ya ji kamar iska ce ta yi ƙaranci. Shi ya sa dabbar da ta zubar da jini da yawa take haki ko da huhunta lafiya lau. Landgren da Neil sun ji wannan a jijiyar kyanwa a 1951.

Ɗan Lab:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja, kuma da ladabi nake yi. Ni ina ganin wannan babi na jijiyoyi masu kawo umarni an ba shi girman da bai kai ba. Hujjata uku.

Ana cire ƙullin daga jikin dabba ɗungurungum, a sa shi cikin ruwan gishiri mai ɗumi, babu ƙwaƙwalwa babu simfatetik babu jini ma, a rage oksijin ɗin ruwan, jijiyarsa ta ɗauki kuka. Eyzaguirre ya yi wannan tun farkon shekarun 1960. A 1988 López-Barneo a Sabiya ta ƙasar Sifaniya ya ware ƙwayar gulomus ɗaya tak ta zomo, wato ƙwayar da ke yin ɗanɗanon a cikin ƙullin, ya nuna ƙofofin fotasiyam ɗinta na rufewa in oksijin ya ragu. Ƙofa ta rufe, wutar ƙwayar ta tashi, kalsiyam ya shiga, ta saki sinadaran kai saƙo, ATP da asetilkolin, a kan bakin jijiyar saƙo. Ba ta jira umarnin kowa ba.

Na biyu, da McDonald da Mitchell suka ƙirga bakunan jijiyoyin da ke jikin ƙwayoyin gulomus na ɓera a 1975, kusan kashi 95 cikin ɗari masu kai rahoto ne. Masu kawo umarni 'yan tsiraru ne.

Na uku, kusan duk gwajin da Malam ya ambata a kyanwar da aka sa wa maganin barci aka yi, an buɗe wuyanta, ana jona wa jijiya wutar lantarki da ƙarfin da jiki ba lallai ya taɓa bayarwa ba. Maganin barcin kansa yana taɓa ƙullin. Halotan, wani maganin barci da ake shaƙa, ko kaɗan ne yana dushe amsar da mutum ke bayarwa ga ƙarancin oksijin, an san wannan tun ƙarshen shekarun 1970.

Tsohon Malami:
Madalla. Irin wannan jan nake so. Zan amsa, amma an kira Magariba. Sai na dawo.

Likitar Dabbobi:
Kafin Baba ya dawo bari in sa baki ta ɓangarenmu, don na ga ana ta cewa kyanwa da ɓera kamar duk dabbobi ɗaya ne.

Na taɓa kai ɗalibai kwata muka sayi kan rago don su ga ƙullin da idonsu. Sun zo da zanen wuyan mutum a kansu, suna ta neman gwafar nan mai rassa biyu manya. Suka yi kusan awa guda ba su gan ta ba. A rago da akuya da saniya, reshen karotid na ciki yana shanyewa in dabbar ta girma, don haka ƙullin a gindin jijiyar jinin da ke zuwa ƙeya yake maƙale. Sai da na ɗaga kitsen a hankali da ɗan hantsaki, na nuna musu wani ɗigo ja-ja mai ɗan duhu, bai kai ƙwayar dawa ba, da zaruruwa farare sirara kamar gashin masara suna shiga cikinsa ta gefe biyu. Wata ɗaliba ta ce, Dakta wannan ɗan abin ne duk ake wa wannan surutu? Na ce shi ne, kuma ki lura zaren ba ta hanya ɗaya ya zo ba.

A kaza kuwa ba a saman wuya yake ba sam. Yana can ƙasa bakin ƙirji, kusa da tayirod, kuma jijiya ta goma ce ke ɗaukar saƙonsa. Kwaɗo shi wani saƙaƙƙen kumburi gare shi a jikin jijiyar jinin. Don haka duk wanda zai ce ga yadda jijiyoyi ke sarrafa shi, ya fara faɗin wace dabba.

Ɗan Aji Biyu:
Dakta, wannan bayani ya yi mini daɗi wallahi. Ban taɓa sanin ana iya ganinsa da ido ba.

Anti Nas:
Ni ba gwanar lab ba ce, amma akwai abin da nake so yaran nan su riƙe, don shi muke gani a gado. Ƙullin nan ba ya ƙirga yawan oksijin da jini ya ɗauko. Matsin oksijin da ya narke a ruwan jini yake ji, kuma ba ya tashi tsaye sosai sai matsin ya sauko ƙasa da 60 a ma'aunin mmHg, alhali na mai lafiya yana kusa da 95 zuwa 100.

Da sanyin bara aka kawo mana uwa da yara biyu da asuba. Garwashi suka shigar ɗaki suka rufe ƙofa da taga. Babbar yarinyar tana ta riƙe kai tana amai, ƙaramin ya yi laushi kamar tsumma, amma ba wanda ke haki a cikinsu. Na maƙala wa uwar abin auna oksijin a yatsa, ya nuna lamba mai kyau. Da ba don maƙwabcin da ya kawo su ya ambaci kaskon wuta ba, da an ɓata lokaci ana neman zazzaɓi. Kabon monoksaid, iskar gubar da garwashi ke fitarwa, ya fi oksijin kama himogulobin, wato abin da ke ɗaukar oksijin a jini, sau fiye da 200, ya ƙwace masa wuri, amma matsin oksijin da ke ruwan jini bai taɓu ba. Sai ƙullin ya yi shiru, mutum bai ji iska ta yi masa kaɗan ba balle ya tashi ya buɗe ƙofa. Haka hayaƙin janareta ke kashe mutane cikin barci. Allah ya sa waɗannan sun tashi, oksijin muka sa musu tun daga bakin ƙofa.

Maman Biyu:
Innalillahi. Anti, mu da ke kwana da janareta a baranda fa?

Anti Nas:
Ki fitar da shi fili, nesa da taga da ƙofa, yau ɗin nan. Baranda mai rufi ba fili ba ce.

Likitar Dabbobi:
Anti ta faɗi gaskiya game da na wuya. Ƙarin da zan yi, a kyanwa Lahiri da mutanensa a Filadelfiya sun nuna wajen 1980 cewa na ƙirji sun fi na wuya jin kabon monoksaid da ƙarancin jini da faɗuwar matsin jini. Sai dai su ƙarfinsu a kan numfashi kaɗan ne, sun fi taɓa zuciya da jijiyoyin jini.

Admin:
Allah ya tsare mu. Mu koma kan tambayar yaron, na ga Malam ya hau.

Tsohon Malami:
Na dawo. Ɗana na lab, hujjarka ta farko ban musa ba ko kaɗan. Ƙullin ba ya buƙatar umarni kafin ya ji. Ba wanda ke cewa jijiyoyin nan ne ke kunna shi. Abin da ake cewa shi ne suna gyara yawan kukan da zai yi a kan abu ɗaya. Doki ba ya buƙatar mahayi kafin ya yi gudu, amma in da mahayi, gudun daban yake.

Hujjarka ta biyu kuwa tana da tarihi, kuma ina so ƙananan su ji shi, don a nan ne manyan masana suka yi tuntuɓe. Fernando de Castro, almajirin Cajal a Madrid, shi ya fara cewa a 1928 wannan ƙulli gaɓar ji ce, tana ɗanɗana jini. Kafinsa ana ɗaukarsa ƙaramin gilan ne ko gangiliyon. Yadda ya gane abin sha'awa ne. Zaren jijiya in ka raba shi da uwar ƙwayarsa mutuwa yake. Sai ya yanke jijiya ta tara a cikin ƙoƙon kai, sama da gangiliyon ɗinta. Ya ce in zaruruwan da ke cikin ƙullin daga ƙwaƙwalwa suke saukowa za su mutu, in kuma uwayensu na cikin gangiliyon, wato masu kai rahoto ne, za su rayu. Suka rayu. Bayan haka Corneille Heymans a Gent ta Beljiyam ya tabbatar da aikin a karnuka, yana haɗa jinin wani kare da wuyan wani, har ya samu kyautar Nobel ta 1938.

Shekara arba'in da 'yan kai bayan de Castro, a 1970, Biscoe da Lall da Sampson suka maimaita yankan, suka duba da madubin ilektiron, suka ce bakunan sun lalace, don haka duk masu kawo umarni ne. Wannan magana ta girgiza fagen na 'yan shekaru. Sai da Hess da Zapata, sannan Fidone da abokansa a Yuta, suka sake bi, har da zuba alama a gangiliyon a ga inda za ta gangara, aka dawo kan maganar de Castro. Ka ga an taɓa kai maganar umarni inda ba ta kai ba, kuma an dawo da ita. Ni tsorona kada a wuce da ita ta ɗaya gefen.

Don kafin wannan kuskure, a 1968, Biscoe da Sampson ɗin sun yi wani aiki da har yau yana tsaye. Sun yanke jijiyar Hering, suka saurari guntun da ke haɗe da kai, ba wanda ke haɗe da ƙullin ba. Suka ji saƙonni na saukowa. Sannan a 1971 Eric Neil da Ronan O'Regan suka tsage zare ɗaya siriri suna sauraro, suka bar sauran jijiyar a haɗe. Suka ga saƙonnin da ke saukowa suna ƙaruwa in an rage wa kyanwar oksijin, kuma da suka datse jijiyar ta sama, kukan ƙullin ya ƙaru. A wannan gwajin ba a jona wuta ba. Cire hannun mahayi kawai aka yi.

Ɗan Lab:
Na yarda da wannan, Malam, kuma shi ne mafi ƙarfi a cikin hujjojin. Amma ai ƙaruwar ba mai yawa ba ce. Sannan ni inda gizo ke saƙar shi ne: ta jini abin ke bi ko ta ƙwayar gulomus? In linzamin nan buɗe jijiyoyin jini kawai yake, jini ya ƙaru, ƙullin ya lafa, to ai famfo ne, ba umarni ba. McCloskey a Ostareliya haka ya fahimta a 1975.

Tsohon Malami:
Haka ya fahimta, kuma ba shi kaɗai ba. Amma Neil da O'Regan sun sa atirofin, maganin da ke toshe wani aikin asetilkolin, ƙaruwar jinin ta ɓace, lafawar ba ta ɓace ba. An yi shekara ashirin ana wannan ja-in-ja saboda ba a san sinadarin da zaren ke saki ba. An zargi dofamin, don ƙwayoyin gulomus cike suke da shi kuma yana rage musu kuka. Sai a tsakiyar shekarun 1990 Wang da Stensaas da Fidone suka gano zaruruwa masu yin naitirik oksaid a cikin ƙullin, wasu a jikin jijiyoyin jini, wasu suna zagaye da ƙwayoyin gulomus. Da aka toshe yin naitirik oksaid, lafawar ta ragu ƙwarai. Wannan iska ce, ratsa tsoka take yi, ba ta buƙatar baki ya manne da ƙwaya. Ka ga ƙirgen kashi 95 ɗinka gaskiya ne, amma bakuna aka ƙirga, kuma wannan saƙo ba ta baki yake shiga ba. Kuma yana yin duka biyun, ya buɗe jijiyar jini, ya kuma kwantar da ƙwayar.

Zan gaya muku abin da ya sa na riƙe wannan babi da hannu biyu. Lokacin da nake karatu a waje an shigar da ni ɗakin gwaji inda aka haɗa zaren jijiyar Hering da lasifika. Dabbar na shaƙar iska ta yau da kullum, sai ka ji ƙas, shiru, ƙas ƙas, shiru, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano. Aka rage oksijin, kafin ka ƙirga goma ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai gwajin ya taɓa makunnin da ke motsa ɗaya zaren, ruwan ya tsagaita a kunnena, ya saki, ya dawo. Iskar da dabbar ke shaƙa ba ta canza ba. Har yau in na rufe ido ina jin wannan tsagaitawar.

Ɗan Aji Biyu:
Subhanallah. Malam, ke nan ƙwaƙwalwa ce ke cewa ya isa haka, na ji?

Ɗan Lab:
A nan ma ina da magana, ƙanena, kada ka rubuta haka kai tsaye. Ƙwayoyin jijiyar da ke yin naitirik oksaid ɗin nan da yawansu ba a ƙwaƙwalwa suke ba. Suna zaune ne rukuni-rukuni a kan hanya, cikin jijiya ta tara da jijiyar Hering. Campanucci da Nurse a jami'ar McMaster ta Kanada sun nuna a ɓera a 2006 cewa ATP na tayar da su. ATP ɗin da ƙwayar gulomus ta saki don ta kai ƙara, shi ne kuma ke tayar da wanda zai ce mata ta sassauta. Sun kuma nuna su kansu ƙwayoyin suna jin ƙarancin oksijin. To wani kaso na linzamin a unguwa ake jansa, labari bai ma kai fada ba.

Tsohon Malami:
Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. Ina ganin duka biyun na nan, na gida da na sama, tunda saƙonnin da aka ji a 1968 daga ɓangaren kai suke saukowa. Ga shi kai da ka zo rushe babin ka ƙara masa ɗaki.

Ɗan Lab:
Ban sauka daga hujjata ta uku ba tukuna, Malam. A dabba mai farke, nawa ne tasirinsa?

Likitar Dabbobi:
Wannan akuya ce za ta amsa. Gerald Bisgard a jami'ar Wiskonsin, likitan dabbobi ne, ya shafe shekaru yana aiki da awaki a farke, a tsaye, ba maganin barci. Ya shirya su yadda zai iya ba ƙullin jini daban da na sauran jiki. Ya nuna in ƙullin kaɗai ya zauna cikin ƙarancin oksijin na wasu awanni, numfashin akuyar na ci gaba da hauhawa a hankali, irin sabon da jiki ke yi in an hau tsauni. Kuma da mutanensa suka yanke zaren simfatetik da ke zuwa ƙullin, wannan sabon bai fasa faruwa ba. Don haka a kan ƙaimi, a akuya mai lafiya, ƙanena na lab yana da gaskiya babba.

Ɗan Lab:
Na gode Dakta. Kuma ƙaimin ma ba kullum yake ƙaimi ba. Noradirenalin, sinadarin da simfatetik ke saki, wanda ke tsuke jijiyar jini ta makarɓar alfa 1 (makarɓa ita ce wurin da sinadari ke sauka a jikin ƙwaya), in ya sauka a alfa 2 rage kukan yake. An ga haka a kyanwa in ƙarancin oksijin ya daɗe.

Tsohon Malami:
Gaskiya ne, kuma yaron ya rubuta haka a amsarsa, kada ya ce simfatetik tayarwa kawai yake. Amma ku lura da kalmar Dakta, ta ce mai lafiya. Ni a ganina amfanin wannan babi a wurin marar lafiya yake fitowa. Akwai wani jinsin ɓera da ke tashi da hawan jini na gado. Julian Paton da mutanensa a Biristol sun nuna a 2012 da 2013 cewa ƙullin waɗannan ɓeraye kuka yake ba dare ba rana ko da oksijin ya wadata, kuma in an datse jijiyar Hering matsin jininsu na sauka. Kukan ƙullin yana tayar da simfatetik na duk jiki, simfatetik kuma yana da reshe da ke komawa cikin ƙullin. In wannan reshe ya ƙara masa kaifi, zagaye ya rufe, kowa na zuga kowa. Sílvia Conde a Lisbon ta ga makamancin haka a ɓerayen da aka ciyar da kitse da sukari, datse jijiyar ya hana jikinsu bijire wa insulin.

Maman Biyu:
To Malam me zai hana a cire wa masu hawan jini shi kawai? Mahaifiyata magani uku take sha bai sauka ba.

Tsohon Malami:
Allah ya ba ta lafiya, 'yata. An gwada cire na gefe ɗaya a Gdańsk ta ƙasar Foland, aka buga sakamakon a 2016. Mutum 15 ne, 8 suka samu sauƙi, sauran ba su samu ba. Gwaji ne ƙarami, bai zama magani ba. Cire duka biyun kuwa akwai darasi. Tun shekarun 1940 Nakayama a Japan ya riƙa cire wa masu asma, dubban mutane aka yi wa a ƙasashe daban-daban. Da Honda ya bi wasunsu bayan shekaru, ya tarar waɗanda aka cire wa biyun oksijin ɗinsu na sauka numfashinsu ba ya tashi yadda ya kamata. Shi ya sa masu bincike yanzu suka fi karkata ga neman abin da zai sassauta kukan ba tare da an kashe mai kukan ba, kamar magungunan da ke toshe P2X3, wata makarɓar ATP a bakin jijiyar saƙo. Mama ta ci gaba da maganinta, ku koma wurin likitanta a duba ƙoda da gishirin abinci da kuma ko tana minshari mai yankewar numfashi, don wannan ma yana wasa ƙullin.

Anti Nas:
Dofamin da Baba ya ambata, ma'aikatan ɗakin kulawa ta musamman su riƙe. Wanda ake ɗiga wa shi ko da ƙaramin awo ne, amsarsa ga ƙarancin oksijin na iya dushewa. In ana shirin cire shi daga injin numfashi a sa masa ido sosai.

Likitar Dabbobi:
Mu kuma maganinmu dokzafuram ne, shi tayar da ƙullin yake. An daɗe ana ɗiga shi ƙarƙashin harshen ɗan maraƙi ko ɗan kwikwiyon da aka haifa bai yi numfashi ba. Ni ina gaya wa ɗalibaina su fara share majina daga hanci da baki, su goge jikin da ƙarfi, su hura iska. Ƙullin jariri a cikin mahaifa ya saba da oksijin kaɗan, sai bayan haihuwa da kwanaki yake sake saiti. Blanco da Dawes da Hanson sun nuna haka a 'ya'yan tumaki a 1984. Zuga shi da magani alhali iska ba ta shiga huhu ba, ƙara wa ƙwaƙwalwa buƙata ne kawai.

Ɗan Aji Biyu:
Malam, tambaya ɗaya ta rage mini. Su na ƙirji, su ma suna da linzamin?

Tsohon Malami:
Suna da shi. Takardar Neil da O'Regan ta 1971 ta haɗa da jijiyar na ƙirji, kuma sun ga lafawar a can ma. Ka rubuta amsarka ka turo mini ta akwati in duba, ka sa sunan dabbar a gefen kowane gwaji.

Ɗan Lab:
Ni ma zan so in gani, Malam, in an ba ni izini. Kuma zan nemo takardar awakin nan in ɗora a nan kowa ya karanta da kansa.

Ɗan Aji Biyu:
Dakta, don Allah in za ki sake zuwa kwata da ɗalibai a sa da ni. Mu huɗu ne a ajinmu muke so.

Likitar Dabbobi:
Asabar da ƙarfe bakwai na safe, in Allah ya kai mu. Ku zo da safar hannu da sabuwar reza, ni zan zo da hantsaki da madubin ƙara girma. Wanda ya riga isa ya roƙi mahaucin ya bar mana wuya mai ɗan tsawo a jikin kan, kuma ya ajiye shi gefe kada a babbake.